Ƙafar da Ta Fito a Jikin Ƙarfe

Ya 'yan uwa, ku ɗan gyara zama. An yi wani mutum a wannan gari namu na Bar, kuma a zamaninmu aka yi shi. Ba zan kama sunan gidansu ba, saboda yana da 'ya'ya. Mu kira shi Fahro. Wanda ya san shi ya yi shiru, wanda bai san shi ba ya leƙa zuciyarsa, wataƙila ya same shi zaune a ciki.

Fahro ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwa na shaƙatawar attajirai, fararen nan da ke cika tashar Tivat idan zafi ya shigo. Ba rago ba ne, wannan kowa ya shaide shi. Shi ke wanke katakon jirgi, shi ke ɗaure igiya, shi ke goge ƙarfe. A wajen guga kuwa ba shi da na biyu. Idan ya gama da ƙarfe, kana iya tsayawa a gabansa ka yi aski.

Tun yana saurayi sarƙar anga, ƙarfen nan da ake tsayar da jirgi da shi, ta cinye masa yatsa ɗaya a ƙafar hagu. Kun san kuma ba a hawa irin waɗannan jirage da takalmi. Da mai jirgi da mai wanke-wanke, kowa a kwandon bakin tsani yake jefa nasa. Don haka babu wanda bai san ƙafar nan ba. Abokan aiki suna ce masa Mai Tara, don yatsun ƙafa tara suka rage masa, shi ma yana dariya.

Me Allah bai ba mutumin nan ba? Yana da albashi mai kyau, ga tukuicin baƙi da kyaftin ke raba wa ma'aikata daidai wa daida. Yana da mata mai hankali, Sabaheta, da 'yan mata biyu. Ga itatuwan zaitun a gindin dutse, waɗanda ya gada daga kakanni.

Matsalar wannan aiki ɗaya ce, kuma iyalan masu yin sa sun fi kowa sani. Idan sanyi ya shigo, sai a rufe jirgi, tukuici ya ɗauke. Shi ya sa kowa ke riƙe da wata 'yar sana'a ta gefe. Mai girki yana dafa abincin biki. Injiniya yana gyara injinan masunta. 'Yan matan da ke kula da ɗakunan baƙi suna kula da gidajen haya. Fahro shi kuma yana matse man zaitunsa ya sayar wa masu girkin jirage. Halak ce, kuma tana isarsa.

Sai ga Nusret, ƙanin matarsa. Fahro ne da kansa ya roƙi kyaftin Zdenko ya ɗauke shi aiki, shi ne kuma ya koya masa ƙulle-ƙullen igiya ɗaya bayan ɗaya.

Mai jirgin nan yana da wata ɗabi'a irin ta masu abin hannu. Duk shekara sai an sauya igiyoyin jirgi, ko da babu abin da ya same su, a kwashe tsofaffin a zubar. Nusret ya je ya nemi izinin kyaftin, aka ce ya ɗiba. Idan lokacin hutunsa ya yi, sai ya zauna a wani lungu a bayan jirgi, kusa da turken ƙarfen da ake naɗa igiya, yana saƙa tabarmar goge ƙafa.

Ta farkon da ya gama, sai ya kawo wa Fahro.

"Zete," in ji shi, kamar yadda muke kiran mijin 'yar uwa, "ga ta ƙofar gidanka. Da ƙullin da ka koya mini na yi ta."

Fahro ya juya ta, ya tuntsire da dariya. "Na kawo ka teku don ka zama namiji, ka ɓige da saƙa kamar kakata? Saura mu sayo maka ɗankwali." Ya kai ta gida ya wurga bayan tulunan mai.

Wata baƙuwa ta ga Nusret yana saƙa, ta sayi ɗaya. Ƙawarta ta gani a gidanta, ta aiko a yi mata. Kafin a ankara, kyaftin-kyaftin na wasu jirage sun fara tara masa tsofaffin igiyoyinsu. Matar Nusret ta kama ɗan shago a tsohon garin Kotor. Wani otal ya ce a yi wa kowace ƙofa tata tabarmar.

A nan ciwon ya kama Fahro.

Ku lura da kyau, ya 'yan uwa. Ba a rage masa ko kwabo a albashi ba. Zaitunsa bai fasa 'ya'ya ba. A wannan shekara ma mansa ya fi na bara kasuwa. To me ya ɓace masa? Babu. Abu ɗaya kawai ya faru, an ba wani.

Ya zama ba shi da hira sai ta Nusret. Nawa yake sayar da babba? Wa ya gan shi da sabuwar riga? Idan Sabaheta ta ajiye masa burek mai zafi ta ce, "Kai, yaron nan Allah ya buɗa masa," sai abincin ya tsaya masa a maƙogwaro. Yana kwance a gida mai kyau, kusa da matar kirki, amma zuciyarsa tana tsaye a ƙofar shagon wani tana ƙirga masu shiga.

Nusret bai san dawan garin ba. Wata rana ya same shi yana guga, ya ce, "Zete, aikin nan ya fi ƙarfina. Hannunka ya fi nawa iya ƙulli. Idan sanyi ya shigo ka zo mu yi tare, mu raba biyu."

Wannan arziki ne ya biyo mutum har inda yake tsugune. Amma mai hassada ba ya jin magana yadda aka faɗe ta. Fahro ya ji kamar an mare shi.

"Ni? Ni zan zama yaron shagonka? Ka manta ranar da ka fara hawa jirgin nan kana amai a bokiti?"

Da rabo yake so, ai ga shi an miƙa masa. Ba rabo yake so ba. So yake na Nusret ya lalace.

A kowace tasha akwai wasu mutane masu zaman gidan gahawa, waɗanda ba su da aiki sai sayen hotunan baƙin jirage su sayar wa masu yaɗa gulma. Dokar aikin kuwa a bayyane take, kowa ya sa hannu a kanta: abin da ido ya gani a jirgi, a jirgi yake mutuwa. Wanda ya karya ta ya gama da teku. Wani daga cikin mutanen nan ya daɗe yana yi wa Fahro tayi, Fahro yana korarsa. Wannan karon Fahro da kansa ya je ya ja kujera ya zauna. Ba ma kuɗin ne ya kai shi ba.

A lokacin jirgin yana ɗauke da wani dattijo, babban attajiri a ƙasarsu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Iyalinsa sun kawo shi teku ne don su ɓoye shi daga idon duniya har ya samu sauƙi. Kowace safiya 'yarsa takan turo shi a keke zuwa bayan jirgi ta ba shi abinci da cokali. Dattijon ba ya iya magana, amma yana son kallon hannun Nusret yana saƙa, don haka aka bar Nusret ya riƙa zama a lungunsa. Wannan ma ya ƙona wa Fahro rai. Har marar lafiya ma Nusret yake so?

Wata safiya aka aiki Nusret cikin gari da ƙaramin kwale-kwale ya sayo burodi. Fahro yana wurin, bai daɗe da gama goge turken ƙarfen ba. Ya duba hagu da dama, ya tsuguna daidai inda Nusret ke zama. Ya jawo tabarmar da ba a gama ba, ya gyara ta yadda za ta fito a ƙasan hoto. Ya ɗaga waya ya ɗauka.

Ba a jima ba hoton ya bazu. Ga mutumin da dubban jama'a ke ci a ƙarƙashinsa, baki a karkace, abinci na zuba a haɓarsa, 'yarsa na riƙe da cokali. Duniya ta yi ta dariya. 'Yar ta shige ɗaki tana kuka.

Kyaftin Zdenko ya tara ma'aikata ya nuna musu. Ba sai an yi dogon bincike ba, ga tabarma nan a ƙasan hoton, kowa ya san lungun wane ne. Nusret ya yi ta rantsuwa cewa ba shi ba ne. Kyaftin ya ce ya haɗa kayansa, idan an isa tasha lauyoyin iyalin suna jiransa.

Fahro ya bi shi ya dafa masa kafaɗa. "Sai haƙuri, ƙanina. Son kuɗi ne ba kyau."

A ransa kuwa wani sanyi ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da baƙuwar nan ta sayi tabarma. Ya ci abincin rana har da ƙari. Wannan ita ce duk ribar da ya samu, ya 'yan uwa, kuma ba ta kai la'asar ba.

'Yar dattijon ba ta yarda ba. Ta ga yadda Nusret ke goge wa mahaifinta baki idan yana tsammanin ta juya baya. Ta sa aka ɗora hoton a kan babban allon falo, aka faɗaɗa shi. Can a gefe ga turken ƙarfe yana ƙyalli kamar madubi. A jikinsa ga mutum a tsugune. Waya ta rufe fuskar, lanƙwasar ƙarfen ta murɗe jikin, amma ƙafafu biyu marasa takalmi sun fito tar. Ta hagu yatsunta huɗu.

Aka sake tara ma'aikata. Kyaftin ya ƙura wa ƙasa ido. Kowa ya bi idonsa. Fahro, ƙato mai furfura a gemu, ya ɗora ƙafar dama a kan ta hagu kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Na sha faɗa," in ji kyaftin, "duk tashar nan babu mai goge ƙarfe kamarka."

Da suka isa tasha, kyaftin da kansa ya laluba kwando ya ɗauko takalman Fahro ya miƙa masa.

Aikin jirage da shaidar baki yake tafiya. Kyaftin ya kira kyaftin, labari ya kai tashar Split, ya kai tsibiran Girka. Babu wanda ya sake ba shi ko tsumman guga. Masu girki suka daina sayen mansa. Shari'a ta biyo baya, aka yanke masa diyyar da ba zai iya ba, sai da ya sayar da itatuwan da kakanninsa suka dasa. Sabaheta ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan mahaifiyarta. Abin da ta ce a ƙofa kaɗan ne: "Da talauci ne, da na zauna. Nusret ni na yi renonsa, ka kuma sani."

Kuna tsammanin nan ne ƙarshen faɗuwar? Da sauƙi da a nan ta tsaya.

Da sanyi ya tsananta, Nusret ya zo ƙofarsa da mota cike da igiya. Ya ce, "Zete, ni na yafe. 'Ya'yanka 'ya'yana ne. Ga aiki, ka yi a gida, ba sai kowa ya sani ba."

Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Amma Fahro bai kalli fuskar mai maganar ba, bai kalli igiyar ba. Motar ya ƙura wa ido.

"Yaushe ka sayi wannan?" in ji shi. Ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Da na ga ya daina zuwa jam'i, na je na same shi. Na ɗauka kunya ce ta hana shi, na ce masa babu wanda zai ɗaga maganar. Ya ce, "Efendi," kamar yadda ake kiranmu mu limamai, "na zo. Sau nawa ina zuwa har bakin ƙofa. Amma ba zan iya taka ta ba."

Kun san me yake nufi? Tabarmar igiyar nan da ke ƙofar masallacin nan, wadda kowannenku ya tsaya a kanta ya cire takalmi ɗazu. Nusret ne ya saƙa ta ya bayar sadaka. Mutumin da ya rasa aiki da gona da iyali, wuri ɗaya ya rage masa da zai shiga ya kai kukansa, kuma tabarma ta tare masa hanya.

Ya 'yan uwa, wannan ita ce hassada. Neman na gefe ba laifi ba ne. Ku saƙa, ku dafa, ku gyara inji, ku matse mai, Allah ya sa albarka. Amma ranar da ka ji alherin ɗan uwanka yana maka ciwo, ka sani ba da shi kake rigima ba, da Wanda ya ba shi kake yi. Wa ya taɓa cin nasara a wannan rigima?

Idan kun fita yanzu, kowa zai sake tsayawa a kan tabarmar nan ya sa takalmi. Ka tambayi kanka: wane ne wanda in aka ambaci samunsa, abinci ke tsaya mini a wuya? Ka kama sunansa, ka roƙa masa ƙari kafin ka sauke ƙafa.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi da hassada. Allah ya sa mu gode wa abin da ke hannunmu. Bawan nan nasa da ke tsaye a waje, Allah ya ba shi ikon tsallako ƙofa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.