Fensirin Na-gane

Akwai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Na-gane. Ba daƙiƙi ba ne, sai dai ba ya bari a kai ƙarshen magana. Kana tsakiyar bayani zai ce, "Na gane," ya juya. Sau biyu yana zama jarrabawar neman aikin akawu a ofishin jirgin ƙasa, sau biyu Turanci yana kayar da shi. Zama ɗaya ya rage masa, don baɗi shekarunsa sun haura ƙa'ida.

Wuri guda yake faɗuwa. Akan kawo jimloli biyar a hargitse, a ce a jera su yadda zancen zai tafi daidai. Shi kuwa da ya karanta biyu sai ya dangwala amsa.

Ran nan ya je shagon yayarsa mai ɗinki da tsoffin takardun jarrabawa, yana mitar masu fitar da tambaya ba su da imani. Ita ko firamare ba ta gama ba. Ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Karanto mini guda, ka mayar da ita Hausa."

"Yaya, ina ke ina Turanci?"

"Ina da kunne dai. Karanto."

Ya karanta cewa wani magini ya hau tsani. Ya karanta cewa likita ya sallame shi. Ya ce, "Na gane, wannan ce ta ɗaya, wannan ta biyu."

"Ka sallamo mutum daga asibiti ko faɗowa bai yi ba? Kai ne likitan?"

Ta fizge fensirin da ke hannunsa ta soke a ɗankwalinta. Ta sa almakashi ta yanka jimlolin ɗaiɗai, ta baje su a kan teburin yanka. Ta ce, "Shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa sa almakashi a yadi ba sai mai kaya ta gama faɗin abin da take so. Karanta biyar ɗin duka. Ka nemo wadda ta kawo mutumin, sannan wadda ke biye da ita. In ka ba ni labarin ban yi tuntuɓe ba, ka karɓi fensirinka."

Ransa ya ɓaci, amma ya zauna. Mako uku yana zuwa kullum da la'asar, tana taka keke tana sauraro. Da ya tsallake sai ta ce, "Koma."

Ranar jarrabawa, yana karanta jimla ta biyu hannunsa ya fara ƙaiƙayin dangwala amsa. Ya maƙale fensirin a kunne, ya karanta har ta biyar. Ashe wadda ya so ya sa a farko ita ce ta rufe zancen.

Da sakamako ya fito da sunansa, shagon ya fara zuwa. Ya durƙusa ya ajiye fensirin a gabanta. Ta hau yi masa nasiha mai tsawo a kan zuwa aiki da wuri, shi kuwa yana zaune shiru.

Ta dube shi ta ce, "Yau ba ka gane ba ne?"

Ya ce, "Ai ba ki gama ba, Yaya. Allah ya saka miki da alheri."

Darasin shi ne, kada ka yanke hukunci a kan maganar da ba ka ji ƙarshenta ba, a takarda take ko a bakin mutum. Wanda kuma ya riƙe maka hannu lokacin da kake garaje, ko bai kai ka karatu ba, ka gode masa.