Gaisuwar Gidan Bunsuru

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya miƙe zaune!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani bunsuru, Gagarau, wanda bai san gaisuwa ba sai tunkuyi. Ka ce masa ina kwana, gum! Ka ce masa sannu, gum! Amma fa yana son 'ya'yansa kamar ransa, Duna da Jatau da Auta. Su kuwa inda ya cire ƙafa nan suke sa tasu.

Ran nan yana leƙen wata tsohuwar rijiya, Auta ya hango shi. Don murna ya sheƙo a guje ya yi masa gaisuwar gidansu, gum! Sai ga Gagarau a ƙasan rijiya, tim! Ruwan sama kuma ya kece, rijiya ta fara cika.

Ya ce, "Duna, maza kirawo Jaki!" Duna ya je, gum! Jaki ya kore shi da harbi.

"Jatau, kirawo Sa!" Jatau ya je, gum! Sa ya ce, "Ɗan Gagarau ne, ba ko tambaya." Ya juya masa baya.

Ruwa ya kawo wa Gagarau gwiwa. Auta ya leƙo yana kuka. "Baba, su Duna sun gaishe su, amma sun ƙi zuwa."

"Ja'irai, haka ake gaisuwa?"

"To yaya ake yi, Baba? Ba mu taɓa ganin ka yi ba."

Wayyo! Kunya ta rufe Gagarau. Ya ce, "Dube ni da kyau, ɗana." Ya durƙusa cikin ruwa, ruwa har wuya, ya ce, "Salamu alaikum."

Auta ya ruga wajen Raƙumi, ya durƙusa. "Salamu alaikum, Baba Raƙumi. Ka taimaki babanmu."

Raƙumi ya ce, "Ikon Allah! Wa ya koya maka?"

"Babana."

"Gagarau? Yaushe?"

"Yanzun nan."

Raƙumi ya yi dariya har da hawaye. Ya zo ya zura dogon wuyansa ya ciro Gagarau. Auta ya runtse ido yana jiran tunkuyi, sai ya ji uban yana lasar masa kai. Sannan Gagarau ya durƙusa wa Raƙumi, 'ya'yan uku suka zube a bayansa.

Gobe ku duba gwiwar akuya, za ku ga kanta, ta durƙuson nan ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jikokina.

Ƙurunƙus kan bunsuru! A tashi a kwanta, ban da tunkuyi.