Yadda Tautau Ya Tuɓe Wuyan Jimina

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu sha labari.

Wai Tautau masaƙi ne mai hannu takwas. Ya yi ta saƙa har kowa a garinsu ya ƙoshi da tufafi. Zannuwa suka cika rumbunsa, hatsi kuwa ko tsaba babu, 'ya'ya na kukan yunwa.

Sai ya ɗaure kaya, ya saki zare, iska ta ɗauke shi luuu, yana lilo tsakanin gizagizai, yana neman ƙasar da ba ta san zane ba.

Ya sauka wurin Kada. Kada ya ce, "Malam, mu ruwa ne rigarmu. Ƙara gaba."

Ya iske Jimina, sarauniyar ƙwalisa, gashi lif har wuya. Ta ce, "Baƙo, ni Allah ya suturta ni."

Tautau ya ce, "Ranki ya daɗe, ai manyan matan hayin teku ba sa fita babu mayafi."

"Da me zan saya?"

"Gashin wuyanki ma ya isa."

Ta fige, ta ba shi, ya ba ta mayafi, ya kai gashin gida ya musanya da hatsi. Damina ɗaya mayafin ya yage. Tautau ya dawo da sabo, ta fige na cinya.

Da gashin ya ƙare, Tautau bai sake leƙowa ba. Shi ya sa har gobe Jimina ke miƙa wuya tsirara, tana duban sama, ko iska za ta kawo fatake.

Ƙurunƙus, na yar da ita kan ɓera!