Ɗan da Sarki Ya Haifa a Cikin Hayaƙi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da rana ke faɗuwa, an yi wani birni mai suna Sarmadan, wanda Sarki Shamwilu ke mulki, mutum mai kwarjini da zafin rai, wanda yabo ba ya fita daga bakinsa da sauƙi. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Yarima Mundiru, kuma tun tasowarsa bai taɓa jin mahaifinsa ya ce masa madalla ba.

Wata shekara sarki ya sa aka sare wata tsohuwar tsamiya domin a faɗaɗa fada, ashe gidan wani aljani ne mai suna Ɗurɓusu. Aljanin ya rikiɗa ya zama falke, ya kawo wa sarki gaisuwar turaren wuta a cikin battar azurfa. Da hantsi aka zuba a kasko, sarki ya shaƙa sau uku, ya jingina da karagarsa, daga nan hayyacinsa ya tafi. Ba barci yake ba, ba kuma a farke yake ba: idanunsa a buɗe, yana haɗiye abin da aka sa masa a baki, amma ko an buga tambari a kunnensa ba ya ƙiftawa.

Abin da ya fi ƙona ran Yarima Mundiru shi ne, kullum sai fuskar sarki ta cika da fara'ar da ba a san shi da ita ba, ya miƙa hannu yana shafa kan wani da ba a gani, yana cewa, "Madalla da kai, Nabilu ɗana, sanyin idona." Babu wani Nabilu a gidan sarauta, ba a kuma taɓa yin sa ba. Wata bakwai yarima yana durƙushe gaban karaga, yana goge wa mahaifinsa baki da hannunsa, yana jin ana zuba wa wani albarkar da shi ya yi shekara ashirin da biyar yana nema. Abinci ya fita ransa, har fadawa suka daina haɗa ido da shi.

Da masu magani suka gaza, aka kirawo Rumasa'u, 'yar Sarkin Magani, wadda ta gaji sanin sirrin hankali daga mahaifinta. Ta duba idon sarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, turaren nan yana gina wa mutum duniya da abin da zuciyarsa ke kwaɗayi. Sarki ya so ɗa irin wanda yake so, hayaƙi ya haifa masa."

Yarima ya ce, "Shigar da ni inda Nabilun nan yake, in raba kansa da wuyansa."

Ta ce, "Zan shigar da kai, amma ka sani duk abin da ka sara a can, hankalin mahaifinka ka sara. Zan sa maka maɗaci a baki. Muddin kana jin ɗaci, kana sane da ko kai wane ne. In ya koma zaƙi, ka ɓace kai ma."

Ta riƙe wuyan hannunsa, ta zuba ragowar turaren. Yarima ya ji ƙafafunsa sun yi nisa da shi, muryoyin fada suka koma kamar kukan ƙudan zuma, sai ga shi a cikin wani lambu inda rana ba ta motsawa daga hantsi, itatuwa kuma ba su da inuwa. Nan take wani sanyi ya ratsa shi, ya fara manta abin da ya kawo shi, sai da ya tauna maɗacin da ƙarfi.

Ya hango mahaifinsa a kan shimfiɗar alharini, gefensa wani kyakkyawan saurayi yana masa fifita. Jini ya hau wa yarima kai, ya zare takobi ya kai sara, kaifin ya yanki kafaɗar Nabilu. Nabilu bai ko motsa ba, amma sarki ya yi ƙara, hannunsa na dama ya zube kamar tsumma. Yarima ya yar da takobin.

Sarki ya ce, "Wane ne wannan baƙo?"

Kalmar baƙo ta fi masa sara zafi. Ya tsaya yana sauraron su, sai ya lura duk abin da sarki ya faɗa, Nabilu na cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Sarki ya ce rijiyoyin birni a cike suke, ya ce gaskiya ne. Ya ce talakawa na cikin ni'ima, ya ce gaskiya ne.

Sai yarima ya yi abin da bai taɓa yi ba tun haihuwarsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba haka ba ne, Baba! Rijiyoyi uku sun ƙafe, ganuwar gabas ta rushe, kai kuma kana kwance ana ɗura maka kunu kamar jinjiri. Ka sare itacen da dattawa suka hana ka, ka kuma raina ɗan da ka haifa saboda ba ya iya yi maka ƙarya!"

Fuskar sarki ta murtuke, jijiyar goshinsa ta tashi. Wata bakwai ba wanda ya musa masa, lambun kuma ba a gina shi don ya ɗauki fushi ba. Ya daka tsawa ya ce, "Mundiru! Ni kake faɗa wa haka?" Da fitar sunan, itatuwa suka narke, Nabilu ya watse kamar hayaƙin da iska ta buga, uba da ɗa suka buɗe ido a tsakiyar fada, Rumasa'u na riƙe da hannun yarima har yatsunta sun sandare.

Sarki ya warke, sai dai hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya sa aka dasa tsamiya arba'in, Ɗurɓusu ya karɓi diyya ya janye. Amma sarki ya shiga makoki, domin a wurinsa ɗa ya rasa, ya kuma ce a yi zaman gaisuwa na kwana uku. Fadawa suka ji tsoron abin da yarima zai yi. Shi kuwa ya haɗiye abin da ke cin sa, ya zo ya zauna kusa da mahaifinsa, yana amsa wa masu ta'aziyya. A rana ta uku sarki ya ɗora hannunsa na hagu a kafaɗarsa, ya bar shi a nan har jama'a suka watse.

Bayan damina aka gyara ganuwa, aka yashe rijiyoyi, aka ɗaura auren Yarima Mundiru da Rumasa'u. Sarki Shamwilu da kansa ya tsaya wakilin ango, ya kuma miƙa masa sandar mulki a gaban jama'ar Sarmadan.