Surukin da Ya Ƙi Layin Baƙi

Akwai wani maigida a wani gari, mutum mai sakin hannu. Gidansa babba ne, iyalinsa na ciki, 'yan haya na ɗakunan waje, baƙi kuma ba sa yankewa. Matarsa ita ce shugabar zumuntar mata a ikilisiyarsu. Mata sukan kawo mata abin da ba za su iya faɗa wa uwar da ta haife su ba, ita kuwa takan rubuta a kwamfutarta domin kada ta manta da kowa a lokacin addu'a.

Da aka jawo intanet gidan, maigida ya kira wani ma'aikaci mai suna Kefas ya haɗa masa. Kefas ya ce, "Baba, intanet ɗin ɗaya ne, kowa zai sha, amma ba zan zuba kowa a layi ɗaya ba. Zan raba na'urar nan gida uku, layin iyali, layin 'yan haya, layin baƙi, kowanne da lambar sirrinsa. Mu a wajen aiki VLAN muke ce masa. Kamar rijiya ce a ƙofar gida, kowa na ɗiba, amma akwai katanga tsakanin zaure da cikin gida. Wanda ke layin baƙi zai shiga intanet son ransa, sai dai ba zai ga kwamfutar Mama ba. Kwamfutar a buɗe take ga 'yan gida saboda hotuna da takardu. Don haka, Baba, lambar iyali kada ta fita."

Maigida ya ce ya ji, ya kuma gode.

Bayan 'yan watanni sai ga yayan matarsa, Irmiya, tsohon akawu da ya yi ritaya. Ana yi wa gidansa sabon rufi a unguwar gaba, ya zo ya zauna mako guda. Ya buɗe kwamfutarsa a falo, maigida ya miƙa masa lambar layin baƙi. Da Irmiya ya ga sunan layin sai ya haɗa rai.

"Ni ne baƙo? A gidan ƙanwata? Ni da na tsaya a matsayin uba ranar aurenku?"

Ku lura fa, ba abin da layin baƙi ya rasa. Saurinsa ɗaya da na iyali, labarai da waƙoƙin ibada duk yana kawowa. Suna ne kawai ya tsone wa Irmiya ido. Maigida kuwa, maimakon ya buɗe baki ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, akwai amanar mutane a ciki," sai kunya ta hana shi. Ya yago takarda, ya rubuta lambar iyali, ya miƙa da hannu biyu. Matarsa tana kasuwa, da ta dawo ma bai gaya mata ba. Wannan abu yana ba ni haushi har yau. Amanar da ya miƙa ba tasa ba ce, kyauta ya yi da kayan wani don surukinsa ya yi masa murmushi.

Washegari da hantsi Irmiya ya ga kwamfutar ƙanwarsa ta bayyana a tasa. Mutumin kirki da ya ga ƙofar ɗakin da ba nasa ba a buɗe, kawar da kai yake yi. Shi kuwa ya gyara tabarau ya shiga. Ya tarar da wata takarda mai suna "Addu'o'in Mata", ya karance ta tsaf. A ciki akwai roƙon wata mace mai suna Rifkatu. Mijinta Habila ya bar burukutu shekara bakwai, sai ya sake faɗawa. Yana kokawa da abin a ɓoye, har ya fara dawowa sujada. Ta roƙi a yi masa addu'a ba tare da ya sani ba.

Da la'asar Irmiya ya tafi inuwar da dattawa ke zama. Bai ce ya zo da gulma ba, a'a, ai shi mai bi ne. Murya ya sassauta ya ce, "'Yan'uwa, mu sa Habila a addu'a, ya koma shan nan." Kaico! Ba gulmar da ta kai wadda aka yafa wa mayafin addu'a muni.

Ranar Lahadi Habila ya zo sujada da farar rigarsa. Tun a bakin ƙofa wani ya riƙe hannunsa ya ce, "Muna ta yi maka addu'a kan burukutun nan." Habila ya dube shi, ya dubi matarsa, ya juya ya tafi.

Rifkatu ta zo gidan da idanu jawur. Ta ce, "Mama, ke kaɗai na gaya wa."

Matar maigida ta fashe da kuka, ta ce bakinta bai furta wa kowa ba. Aka kira Kefas ya duba na'urar. Ya ce, "Baba, katanga tana nan, ba ta tsage ba. Amma ga baƙuwar kwamfuta a layin iyali. Ba tsallakowa aka yi ba, buɗe ƙofa aka yi." Maigida ya sunkuyar da kai. Kefas ya sauya lambar kafin ruwan shayi ya tafasa, sai dai magana zarar bunu ce.

Ma'anar misalin nan, ya ku masu ji, ita ce wannan. Intanet ɗin ƙauna ce, Allah ya ba mu ita a yalwace domin kowa ya sha, na gida da ɗan haya da baƙo. Kada ku hana kowa. Katangar kuwa amana ce. Ba duk wanda kake ƙauna ne ya cancanci jin abin da wani ya ajiye a wurinka ba, ko da mijinki ne, ko da dattijon ikilisiya ne. Irmiya shi ne duk wanda ke cewa, "Ashe har ni za ka ɓoye wa?" Wanda ya yi maka wannan tambaya ba zumunci yake nema ba, labari yake nema. Maigidan kuwa mu ne, mu da muke jin kunyar mutum fiye da tsoron Allah. Kunyar marar kunya asara ce, a nan kuwa wanda ya yi asarar ba shi ne ya ji kunyar ba.

Irmiya ya koma gidansa ƙarƙashin sabon rufi, yana ta yabon kirkin surukinsa. Rifkatu tana zuwa sujada har yanzu, takan zauna a bencin baya, ta ajiye jakarta a gefenta kada wani ya zauna a wurin Habila.