Yadda Lantana Ta Kwance Majanyi

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da ba a san asibiti ba, ana ce mata Gwaggo Yalwa. Ku matso, 'ya'yana, na baya ma su ji. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta hannu. Yaron da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ko wuyansa ya ƙi tsayuwa, ita ake kira. Ta gasa gaɓoɓin da ruwan ɗumi, ta murza da man kaɗanya, ta lanƙwasa ta miƙe, ta lanƙwasa ta miƙe, tana yi tana jan yaro da hira.

To, akwai wata mata Lantana, da autanta Sabitu. Sa'o'insa har sun fara kai awaki kiwo, shi ko bai taɓa tsayuwa ba. Kullum yana bayan uwarsa. Da shi take daka, da shi take zuwa rijiya, ƙafafunsa na reto har cinyarta.

Gwaggo Yalwa ta zo ta tattaɓa ƙafafun, ta ce, "Da sauran ƙarfi a nan. Amma sai kin sauke shi."

"Zai yi tafiya, Gwaggo?"

"Wannan na Allah ne, ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Abin da na sani, a bayanki ba zai koya ba."

Ta haƙa rami a tsakar gida, ta tsayar da yaron ciki har ƙugu, ta cusa tsummoki a gefe don kada ya karkace, ta ajiye masa gyaɗa a faifai ya ɓare. Ƙafar da ba ta taɓa ɗaukar nauyi ba, ai kun san dole ta yi ciwo. Sabitu ya fashe da kuka. Lantana ta yar da taɓarya, ta fizge ɗanta ta saɓa a baya.

Ta ce, "Binne min shi za ki yi da ransa? Ba laifinki ba ne. Wadda ba ta san naƙuda ba, ina za ta san zafin kukan ɗa?"

Ku saurara da kyau. A gaban maƙwabta aka yaɓa mata wannan magana. Gwaggo ta ɗauki kaskon manta ta fita. Da wata ce, ta tafi kenan. Ni ma da kuke gani, ban ce zan koma ba. Amma washegari da hantsi sai ga sallamarta.

Lantana ta ce, "Ba ki ji abin da na faɗa miki jiya ba?"

"Na ji, 'yar nan, har na yi kukana na share. Amma ba Sabitu ne ya faɗa ba. Yau kina iya goya shi. Ranar da ya yi gemu fa, wa zai kai shi bayan gida?"

Lantana ta waiga ta dubi yaron a bayanta. Can ta kwance majanyi.

Aka shiga aiki. Kullum gashi, kullum murza, kullum rami. In yaron ya yi gardama, Gwaggo ta ce, "Haba maigida, miji a zaune, wa zai yi mini noma? Tashi, ko in auri wani."

Ya ce, "Ki aura mana, tsohuwa marar haƙori."

Ta ce, "To biyo ni ka rama."

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Daga rami aka koma dafa gora da aka ɗaure tsakanin turaku biyu, daga gora aka koma sanda. Ran nan ƙishirwa ta kama shi, ya nufi randa, sandar ta zame, ya zube ƙasa. Lantana ta zabura. Gwaggo ta kafe ta da ido. Sai Lantana ta koma ta zauna a kan hannuwanta, ta danne su, hawaye na zuba. Yaro ya kira ta, ba ta motsa ba. Ya ja jiki ya kamo sandar, ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa, ya miƙe. Ya kai randa, ya ɗebi ruwa da kansa ya sha.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Sabitu bai taɓa gudu ba. Da sanda ya rayu, yana ɗingishi. Amma kasuwa, masallaci, gona, da ƙafarsa ya je.

To, 'ya'yana, ga abin da nake so ku riƙe. Wani tausayin cutarwa ne, kuma wani lokacin ƙauna ita ce ki naɗe hannu ɗanki ya tashi da kansa. Ke uwa da Allah ya kawo ki zamanin asibiti, ana gashin ƙashi, kada ki kai yaro sau ɗaya ki ce ya yi kuka, ko ba ki ga canji ba, ki daina. Koma, ki kuma yi masa a gida yadda aka nuna miki. Ke kuma mai taimako, in uwa ta gaya miki mai zafi, zuciyarta ce ke ciwo. Yi kukanki ki share, gobe ki yi sallama, don yaron yana jiranki. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba mu haƙurin tsayawa a kansu.