Fulogin Harira

Akwai wata mata a Rafin Guza mai suna Harira, matar Lawan mai gyaran rediyo. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suke zamansu a ɗaki da rumfa a wani gidan haya. Ciwon ciki na kwana kaɗan ya ɗauke Lawan, Harira ta shiga takaba.

Kun dai san yadda zaman makoki yake. Satin farko gida ba masaka tsinke. Da aka yi addu'ar bakwai kowa ya kama gabansa, aka bar ta daga ita sai akwatin kayan aikin mamaci.

Abu ɗaya ke ɗebe mata kewa. Akwai saƙonnin murya da Lawan ya riƙa turo mata daga shago, suna nan cikin wayarta. Sai dai sifikar wayar ta mutu tun da ta faɗa bokiti, ba a jin komai sai an soka hedifon. Lawan yana da wani tsohon hedifon mai rufe kunne ruf, wanda yake gwajin rediyo da shi. Shi take sawa bayan la'asar, ta zauna bakin ƙofa tana jin mijinta.

Wata rana Iya Larai, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, ta zo wucewa da buta. Mutuniyar kirki ce, amma bakinta ba ya shawara da ita.

"Ikon Allah! Mai takaba da abin jin waƙa a kunne? Zamani ke nan."

Harira ta tashi. Ta shige ɗaki ta saki labule, maganar ta tsaya mata a rai. Daga ranar, ko Iya Larai ta yi sallama da kwanon tuwo, sai ta ce ta ƙoshi.

Ana nan sai tsautsayi ya gifta. Harira ta miƙe da sauri jin kiran salla, kebur ɗin hedifon ya sarƙe da ƙafar kujera, ya tsinke, fulogin da ake sokawa a waya ya lanƙwashe. Ta soka, ta juya, ta murza. Shiru.

Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza, don ji ta yi kamar yau ne Lawan ya rasu.

Ba ta son fita kasuwa tana cikin takaba. Aike kuma, wa za ta aika? Ta ce a sayo mata hedifon, gobe gidan duka ya ɗauka cewa Iya Larai ta yi gaskiya? Ta gwammace ta mutu da abinta a ciki.

Sai ta jawo akwatin Lawan. Ga ƙarfen narka dalma, ga naɗin dalmar, ga sabon kebur da sabon fulogi a cikin gwangwanin madara. Ta sha ganin yana yi. Hasali ma yakan kira ta, "Harira, zo ki ara mini hannu, aikin dalma hannu uku yake so." Ita kuwa ta zo tana mita, tana cewa miyarta za ta ƙone.

Ta nemo bidiyon gyara a waya ta kalla ba sauti, tana bin hannun mutumin da ido. Da aka kawo wuta ta jona ƙarfen. Ƙaurin da ya tashi ƙaurin rigar Lawan ne, sai da ta ɗan dakata ta share ido.

Ɓangaren kunne bai ba ta wahala sosai ba, don hedifon ɗin yana kwance a tabarma ba ya motsi. Ta kwance shi, ta cire tsohon kebur, ta liƙa sabon. Ta ƙone yatsa, ta sa a baki, ta ci gaba.

Fulogin ne ya nuna mata iyakarta. Sili uku ne a cikin kebur ɗin, siraran gaske: ja, kore, da mai ruwan tagulla. Da farko dalmar ta ƙi kama su, sai ta dunƙule ta gangare. Can ta tuna Lawan yakan ƙyasta ashana ya babbake bakin silin, saboda akwai fenti a jiki. Ta yi hakan, dalma ta kama.

Saura haɗa su da fulogi. Hannun dama na riƙe da ƙarfe, na hagu na riƙe da sili. Da ta taɓa fulogin sai ya mirgine. Ta danne shi da ƙafa, ya yi zafi ta janye. Ta ɗora masa dutsen guga, ya zille. Aka ɗauke wuta, ta kwana da takaici. Washegari ma haka. Kebur sai gajarta yake yi saboda yanka, ga shi babu wani a akwatin.

A yini na uku ta ajiye ƙarfen ta zuba wa fulogin ido. Babu abin da take ji a ranta sai maganar nan ta hannu uku.

Ta daɗe a zaune kafin ta ɗaga labule.

"Iya, don Allah ko za ki ara mini hannu?"

Iya Larai ta taso ba ta tambayi komai ba. Ta zauna ta kama fulogin da filaya.

"Riƙe da kyau, Iya."

"Na riƙe, 'yar nan. Ke dai kar ki soya ni."

Sili ɗaya ya kama, na biyu, na uku. Harira ta sauke numfashi, ta miƙa hannu za ta ɗaura murfin fulogin. Sai ga shi can kan tabarma yana kallonsu. Ashe tun kafin liƙi ake zura shi a kebur.

Iya Larai ta dubi murfin, ta dubi Harira.

"Wato mun sa takalmi mun manta safa ke nan?"

Dariya ta ƙwace wa Harira, ta farko tun rasuwar. Suka narke aikin, suka zura murfi, suka sake daga farko.

Harira ta soka fulogin a waya. Ta danna saƙon Lawan. Sai ta juya kunne ɗaya ta kara wa tsohuwar, ita ta kara ɗayan.

"Harira, ina Babbar Kasuwa, na tsaya sayen dalma. Ga ni nan tafe. A ajiye mini ƙanzon nan, kar ki ba kaji."

Iya Larai ta saurara har ƙarshe. Ta sa gefen zane ta rufe baki.

"Ashe waƙar da kike ji ke nan? Ki yafe mini, 'yar nan, bakina ya cuce ni."

"Ya wuce, Iya."

Tsohuwar ta shafa hedifon ɗin a hankali.

"Ke kin ji daɗi. Ni nawa mijin ya tafi tun ba a san wayar hannu ba. Wallahi har muryarsa ta ɓace mini. Nakan zauna in yi ta ƙoƙarin tunowa, ba ta zuwa."

Harira ta dube ta. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, ba ta taɓa sanin ɗakin ƙarshen nan ma kewa ce cike da shi ba. Akwai sauran saƙonni masu yawa a wayar, kuma kwana uku take jiran wannan lokaci. Amma ta zare fulogin, ta ajiye hedifon a kan akwatin Lawan, ta gyara zama.

"Iya, ba ni labarinsa. Me ya fi so ki dafa masa?"

Darasi: Fushi da kewa kan sa mutum ya rufe ƙofa a kan wanda zai taimake shi, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada girman kai ya hana ka cewa "ara mini hannu", kuma kada ka yanke wa mai makoki hukunci da abin da idonka ya gani kawai. Ku tura wannan ga 'yan uwa, sannan ku leƙa maƙwabcin da kuka daɗe ba ku ji motsinsa ba.